Darasi na 14: Ba Kowane Hazo ba ne Yana

A Utai, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, idan ganin dattijo ya fara ja da baya ba a rasa mai cewa, "Yana ce, a bari ta nuna." Masu faɗin haka ba daga sama suka tsinto maganar ba. Tsakanin 2005 da 2007 an yi wani babban bincike a kan makanta a Nijeriya baki ɗaya, aka duba idon mutum sama da 13,000 waɗanda suka kai shekara 40 ko suka haura. An tarar kimanin mutum 4 a cikin kowane 100 sun makance, kuma a cikin makafin nan kashi 43 cikin ɗari yana ce ta rufe musu ido. Hawan jinin ido ne ya biyo baya da kusan kashi 17. Ka ga ke nan wanda ya ce yana ce, sau da yawa ya canka daidai.

Matsalar tana ranar da bai canka ba. Yana tana da haƙuri. Ko ta shekara uku a ido, idan likita ya cire ta ya sa ɗan gilashi a gurbinta, yawanci gani yakan dawo, kuma a yau likitoci ba sa ma jiran ta nuna, da zarar ta hana mutum sana'arsa sai a yi aiki. Amma akwai cututtukan da suke can ƙuryar ido, inda ba mai hangowa daga waje, waɗanda abin da suka ci sun ci ke nan. Mai irin wannan ciwo idan ya zauna jiran nuna, gara ce take cin rumbu yana kishingiɗe a gindinsa. A kansu za mu yi karatun yau.

Allon ido

A zamanin da, masana da yawa sun ɗauka ido ne yake fitar da haske ya je ya taɓa abu. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, ya nuna a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido. Mu bi hasken nan mu ga inda yake sauka.

Da farko yana ratsa tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido. Sai ya shiga ta 'yar ƙofar da ke tsakiya, wadda take tsukewa a rana ta buɗe a duhu. Bayan ƙofar akwai gilashin halitta, shi ne wanda idan ya dushe muke cewa yana. Daga nan hasken ya ƙetare wani ɗaki cike da ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai, ya faɗa a kan wani siririn tantani da aka shimfiɗa a bangon baya, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Likitoci suna kiransa retina. Mu a wannan darasi za mu ce masa allon ido, domin a kansa haske yake rubuta abin da muka kalla, jijiyar gani ta kwashe rubutun ta kai ƙwaƙwalwa, nan take a wanke a sake wani.

A tsakiyar allon akwai wani ɗan wuri da bai wuce girman ƙwayar dawa ba, sunansa makula. Ƙarami ne, amma shi ne sarkin aiki. Da shi ake zura zare a allura, da shi ake rarrabe ba da ta a Alƙur'ani, da shi ake gane fuskar jika, da shi ake bambance naira ɗari biyu da ɗari biyar. Sauran allon shi ke ba mu ganin gefe, wanda muke tafiya da shi ba mu yi karo da turmi ba.

Yanzu ka lura da wannan. Gilashin da ya dushe ana sauya shi. Allo kuwa ba a sauyawa. Har yau ba a sami likitan da zai cire wa tsoho allon ido ya sa masa sabo ba.

Maɗinkin da zarensa ya karkace

Mu ɗauki misali da wani dattijo mai ɗinkin hannu, irin waɗanda ke zama a zaure suna fitar da aska takwas a wuyan babbar riga. Ya haura sittin. Wata rana ya ga layin zarensa ya ɗan lanƙwashe a tsakiya, ya warware ya sake, ya kuma ganinsa a lanƙwashe. Ya ce gajiya ce. Ranar Juma'a da ya shiga kasuwar Wudil ya tsaya wajen mai tabarau, ya gwada guda biyar, ya zaɓi wanda ya fi dama-dama. Bayan wata guda ya aiki yaro kyamis aka sayo maganin ɗigawa. Idon ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya ruwa. Duk wanda ya leƙa sai ya ce, "Ai idonka tas yake, Malam."

Sai da aka yi wata shida, ƙura ta faɗa masa a idon dama yana murzawa, sannan ya gane abin da ake ciki. Ya kira babban ɗansa.

"Zo ka tsaya nan gabana."

"Ga ni, Baba. Lafiya?"

"Da na rufe na dama, ina ganin hularka, ina ganin kafaɗunka. Fuskar ce babu. Kamar an dangwala toka a wurin."

Ashe duk watannin nan idon dama ne yake rufa wa na hagu asiri. Wannan ita ce babbar yaudarar da ke cikin ido biyu: ɗaya zai iya lalacewa sarai mutum bai sani ba.

A Kano, bayan an ɗiga masa magani an ɗauki hoton cikin idon, likitar ta juyo da fuskar kwamfuta wajen ɗan nasa, ta ce, "Baba, na hagu ya riga ya yi tabo, ba zan yi maka alkawarin zai dawo ba. Amma na dama ma ya fara tara ruwa, shi kam kun zo a kan gaɓa." Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "To likita, da na zo tun kafin azumi fa?" Ta ce, "Da da sauran magana, Baba. Yanzu mu riƙe wanda ya rage."

Ciwon da ya kama shi sunansa lalacewar makula ta tsufa, kuma iri biyu ne. Akwai busasshe, wanda ya fi yawa, yana cin tsakiyar gani sannu a hankali cikin shekaru. Akwai kuma mai ruwa, inda waɗansu sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari suke tsirowa a ƙarƙashin allon, su riƙa yoyon ruwa da jini, allon ya kumbura, shi ya sa miƙaƙƙen abu yake zama karkatacce. Wannan cikin makonni ko 'yan watanni yake ɓarna. An ƙiyasta cewa a 2020 mutum kusan miliyan 196 ne suke da wannan ciwo a duniya. Ya fi kama Turawa fiye da baƙar fata, amma fi ba ya nufin mu ba ya kama mu. Bayan shekaru da gado, abin da ya fi jawo shi shi ne taba sigari: mai sha ya ninka wanda ba ya sha haɗari sau biyu ko fiye. Abin da za a ɗan yi hamdala a kai shi ne, shi kaɗai ba ya jefa mutum cikin duhu ɗungurungum, ganin gefe yakan saura.

Sukari da hawan jini

A ƙasarmu abin da ya fi kamata a ji tsoro shi ne ɓarnar da sukari yake yi wa allon ido. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar kogin Wudil ya san yadda ake jan ruwa: babbar hanya daga bakin inji, ta rabu ƙanana-ƙanana har kowane fangali ya sha. Haka jijiyoyin jini suke a allon ido, sai dai su ƙananan sun fi gashi siranta. Sukari idan ya daɗe da yawa a jini yana cinye gaɓar hanyoyin nan. Wasu su tsage su yi yoyo, fangali ya cika ya kwanta. Wasu su toshe, fangalin da ke gabansu ya bushe. Inda ya bushe sai jiki ya yi ƙoƙarin haƙa sababbin hanyoyi, su kuwa na gaggawa ne, ba su da ƙwari. Rana ɗaya sai ɗaya ta fashe, jini ya cika ɗakin ido, mutumin da ya kwanta da ganinsa ya tashi yana laluben ƙofa.

Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon sukari yana da wani abu na wannan ɓarna a idonsa, kuma da yawansu suna gani garau a lokacin da ɓarnar ta fara. Shi ya sa ƙa'idar ba ta jiran alama: ranar da aka ce maka kana da sukari, a cikin kwanakin nan ka nemi a duba maka ƙuryar ido, sannan duk shekara sau ɗaya, ko da kana iya hango jinjirin wata. Galibin manya sun yi shekaru da sukarin kafin a gano shi, don haka kada ka ce ai jiya-jiya aka faɗa mini.

Hawan jini shi ma yana da nasa. Yakan sa wata jijiyar da ke fitar da jini daga allo ta toshe, sai jini ya fantsama a wani sashe, gani ya dushe a ido ɗaya ba tare da zafi ba. Idan kuwa wadda ke kawo jinin ce ta toshe, ido ya ɗauke ɗif kamar an kashe fitila, to wannan ɗan'uwan shanyewar ɓarin jiki ne, asibiti ake nufa a wannan sa'ar. Masu sikila ma, musamman masu rukunin SC waɗanda ba su cika kwanciya ciwo ba, allonsu yakan yi irin wannan tsiro na jijiyoyi, su ma su riƙa kai ido ana dubawa.

Maganin farko na ɓarnar sukari da hawan jini ba a asibitin ido yake ba. Yana cikin ƙwayar sukari da ta hawan jini da aka ce ka sha kullum, ka sha kwana goma ka ji sauƙi ka ajiye.

Idan yaɓe ya saki bango

Ruwan nan mai kauri da ya cika ido yana tsinkewa da shekaru, ya janye daga jikin allo. Shi ya sa manya da yawa suke ganin wasu 'yan abubuwa kamar ƙudaje ko zaren gizo-gizo suna yawo, in an kalle su su gudu. In sun daɗe kuma ba su ƙaru ba, yawanci ba komai. Amma wani lokaci wajen janyewar sai ya yage allon, ruwa ya bi ta yagewar ya shiga baya, allo ya fara ɓamɓarowa kamar yaɓen ɗaki da damina ta jiƙa. Alamunsa uku ne, a haddace su: ƙudaje masu yawa da suka bayyana farat ɗaya, walƙiya a gefen ido ko da babu hadari, da wani duhu kamar labule da ke jawowa daga gefe ko daga sama ko ƙasa. Wanda ya ga haka ba ya jiran ranar kasuwa, ba ya jiran a sayar da akuya. Idan yagewa ce kawai, cikin mintuna ake liƙe ta da hasken lesa. Idan allon ya saki har ya kai makula, sai babban aiki, kuma gani ba lalle ya koma yadda yake ba. Kafin shekarun 1920 wannan ciwo makanta ce kawai, sai da wani likitan Suwizalan mai suna Jules Gonin ya gano cewa sirrin shi ne a nemo yagewar a toshe ta. Masu amfani da tabarau mai kauri don hangen nesa, da wanda aka taɓa buge wa ido, da wanda aka yi wa aikin yana, sun fi kowa bukatar kiyaye alamun nan. Wanda kuwa masu turin yana na gargajiya suka soka wa tsinke a ido, nasa haɗarin ya fi na kowa.

Abin da za ka tarar a asibiti

Tsoro yana hana mutane da yawa zuwa, musamman jita-jitar nan cewa ana ƙwaƙulo ido a wanke a faranti a mayar. Ba a yi, ba a taɓa yi ba. Ido a ɗaure yake da jijiyar gani, in ya fita ya fita ke nan.

Bayan ka yanki kati za a sa ka karanta allon haruffa, wanda bai yi boko ba akwai mai alamar da ake nuna inda ta fuskanta da hannu. Za a auna ƙarfin ruwan ido saboda hawan jinin ido. Sannan a ɗiga maka maganin da zai buɗe 'yar ƙofar nan, ya ɗan yi yaji, ka jira kamar rabin awa. Ta wannan ƙofa likita zai haska ya leƙa allon. Tun 1851 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin da ake wannan leƙe da shi. Yau akwai na'urar da ake kira OCT, wadda take nuna allon a yanke kamar an raba gurasa, a ga inda ruwa ya taru, ba tare da an taɓa idon ba. Maganin ɗigawar zai bar ka da hazo da ƙyamar rana na awa huɗu zuwa shida, saboda haka kada ka je a kan babur ɗinka. Tafi da ɗan rakiya, da hula mai baki ko baƙin tabarau, da duk magungunan da kake sha a leda.

Wanda ya haska maka tocila a bakin kasuwa ya ce idonka lafiya, gaban gida kawai ya gani.

Magani ya danganta da abin da aka tarar. Lesa haske ne da ake ɗana wa sassan allon da suka bushe don su daina kiran sababbin jijiyoyi. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna yana rage haɗarin mummunar asarar gani ga masu sukari da fiye da rabi. Ba ya dawo da abin da ya tafi, yana tsare abin da ya rage, kuma wannan bambanci ya kamata iyali su fahimta tun kafin a fara, don kada a dawo gida ana cewa aikin bai yi ba.

Sai allurar ido. Jin sunanta kawai yakan sa dattijo ya nemi takalmansa, amma ana kashe wurin da maganin ɗigawa, a farin ido ake yi daga gefe, kuma kafin ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya an gama. Aikinta ta hana jijiyoyin nan yoyo da tsiro. Wadda aka fi samu da sauƙi, Avastin, asalinta maganin sankarar hanji ce, a 2005 likitoci a birnin Miyami suka fara sa ta a ido. Lucentis ta fito a 2006, Eylea a 2011, kuma gwajin da aka buga sakamakonsa a 2011 ya nuna Avastin da Lucentis kusan kunnen doki suke wajen aiki, duk da ratar kuɗin da ke tsakaninsu. Kada kunya ta hana ka tambayar likita wacce aljihunka zai iya ɗauka. Nauyin allurar shi ne ba sau ɗaya ba ce. Yawanci ana farawa da wata-wata, sannan a riƙa tazara. Gara 'ya'ya su zauna tun farko su raba kuɗin mota da na magani a tsakaninsu, da a yi biyu a tsaya. Bayan allura, in ido ya kama ciwo mai tsanani, ko ja ya ƙaru, ko gani ya ragu, a koma ranar.

Busasshen nau'in lalacewar makula ba shi da maganin da ke dawo da gani. Abin yi shi ne barin taba, da yawaita ganye irin su zogale da alayyahu da rama, da kifi, wanda Allah Ya hore wa mutanen Wudil. Akwai haɗin bitamin da wani bincike na 2001 ya nuna yana rage tsanantar ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ga waɗanda ya kai musu matsakaicin mataki, amma likita ne zai ce ko kana cikinsu. Gilashin ƙara girman rubutu da fitila mai haske sosai sukan mayar da mutum ga karatunsa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: wasu tsofaffin da ganinsu ya yi rauni sukan ga mutane ko dabbobi ko zane-zane da babu su, alhali hankalinsu garau. Sukan ɓoye don kada a ce gamo suka yi ko ruɗewar tsufa ce. Ƙwaƙwalwa ce take cike gurbin da ido ya bari. Wani masani, Charles Bonnet, ya bayyana haka tun 1760 game da kakansa. In Inna ta faɗa maka irin wannan, ka saurare ta, ka gaya wa likitan ido.

Ina za a nufa?

A fara da asibitin da ke kusa ko Babban Asibitin Wudil, a auna sukari da hawan jini, a karɓi takardar turawa. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne. A can akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, akwai Asibitin Ido na ECWA da ke aiki tun 1943, akwai Asibitin Ido na Makkah na gidauniyar Al-Basar. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ba kowane likitan ido ne ƙwararren allo ba, su kaɗan ne, kuma suna da ranakun zamansu. Kafin a ɗauko tsoho da asuba, wani ya je ko ya buga waya ya tambaya: akwai likitan retina, kuma wace rana yake ganin mutane? Amma mai alamun nan uku, ko wanda idonsa ya ɗauke farat ɗaya, shi ba ya tambayar rana.

A tsakani kuma, kada a zuba komai a ido, ko ruwan albasa, ko na sukari, ko tsimin ganye, ko maganin da ya yi wa maƙwabci amfani. Ba abin da zai ratsa ya kai allo, sai dai ya ƙona gaba. Wasu magungunan ɗigawa na kyamis ma, in aka daɗe ana sa su ba da izinin likita ba, suna jawo hawan jinin ido da yana.

Aikin aji da na gida

1. Malami zai raba takardar lissafi mai gida-gida. Kowa ya ɗiga baƙin ɗigo a tsakiya, ya riƙe ta nesa da fuska kamar yadda yake karatu, da tabaransa in yana sawa. Rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka kafa ɗayan a kan ɗigon. Layukan a miƙe suke? Akwai inda ya ɓace ko ya yi duhu? Sauya ido. Likitoci suna da irin wannan takarda, ana kiranta da sunan Marc Amsler wanda ya tsara ta. Wanda ba shi da takarda ya gwada da layin bulo ko saƙar tabarma.

2. Rubuta alamu uku na ɓamɓarewar allo da manyan baƙaƙe, ka karanta wa mutanen gidanku.

3. Ku tattauna: me ya sa dattijon cikin misalinmu ya yi wata shida bai gane idonsa na hagu ya tafi ba?

4. Kafin zama na gaba, ƙirga masu ciwon sukari ko hawan jini a gidanku, ba sai ka rubuta suna ba. A gaban adadin ka rubuta mutum nawa ne a cikinsu aka taɓa ɗiga wa maganin buɗe ido aka duba ƙuryarsa, da shekarar da aka yi. Ka zo da takardar aji.